Lissafin Deolinda

Shekara goma sha huɗu wutar ba ta rintsa ba,
ko daren Kirsimeti, ko ranar da iskar teku ta yi fushi
ta kwashe rabin rufin ɗakin ajiya.
Ranar Talata suka kashe ta.
Shirun da ya biyo baya har haƙorana ya sa tsami.

Ni ce mai ɗakin sikeli a bakin ƙofa,
a Marinha Grande, inda kowace kwalba ta san gumin uban wani.
Ba na riƙe guduma, biro nake riƙewa,
kuma duk abin da ya fito daga cikin tanderun nan
sai ya taka ƙarfena ya faɗi nauyinsa.

Gida biyu ne kawai a takardar hukuma:
abin da zai koma aiki,
da abin da za a binne.

Fararen bulon da suka tare narkakken gilashi,
waɗanda ya ci musu ciki kamar gara a azara,
su nake turawa injin niƙa,
su dawo gari, su shiga jikin wata bulon.
Na rufin sama, masu ruɓewa a hannu kamar ƙanzo,
wani ɗan kwangila ya saye su don cikon hanya.
Sai masu tsatsar rawaya.
Su ba a taɓa su da hannu tsirara.
Buhu biyu, hatimi, lambar mota, sunan direba,
da sa hannun wanda ya karɓa a bakin rami.

Abílio ya leƙo da yamma, da kofi a hannu.
Ya ce, tan tara kawai, Deolinda,
ki matsar da su gida na farko,
rahoton bana ya yi kyan gani.
Na ce, ranka ya daɗe, takarda tana da haƙuri,
amma ruwan rijiya ba ya karatu.
Ya ajiye mini kofin ya tafi. Ban sha ba.

Daren Juma'a na haɗa jimla.
Manyan bulon maƙogwaron tanderu, kowanne da lambarsa da jan fenti,
na ƙirga, na koma, na sake:
ɗari uku da sha shida, ɗari uku da sha takwas.
Tsakaninsu wawulo.

Na san inda zan je.
Firmino na zaune a bayan gidansa, gefen kabeji,
huhunsa na kuka kamar zugazugi.
Shi ya ɗora bulon nan da hannunsa,
shekarar da matarsa ke da rai.
Ga ta nan a kan kututture,
gilashi kore ya daskare a fuskarta,
hasken fitila ya shiga ya rasa hanyar fita.

Ya ce, guntuwa ce, a baro na turo ta.
Ya ce, ba mai rawaya ba ce, duba.
Na duba. Na juya ta. Na kankara da makulli.
Gaskiyarsa.

To a wane gida zan sa ta?
Ba a niƙa ta ba, ba a binne ba.
Na daɗe ina tauna murfin biro.
A ƙasan shafi, inda aka bar wuri don ƙarin bayani,
na rubuta: kilo ashirin da uku, babu guba,
tana hannun wanda ya gina ta.
Na sa adireshi. Na sa kwanan wata.

Litinin sababbin bulo za su iso,
farare, ba su san komai ba tukuna.
Na riga na ja layi a sabon littafi,
don wadda za ta zauna a kujerar nan
ranar da wutar gobe za ta mutu.