Zarge Biyu

A Busan, dare ya raba, an gama tiyata,
Likita Seo Hyerin na ɗaura zare a bakin na'ura.
Ƙullin farko ya zame tun ba a ja sosai ba,
na biyu ya cije, ya yi gardama, ya tsinke.
Ta rubuta lamba. Ta sake.

Mahaifinta masunci ne a Gijang.
Zargensa ya riƙe jirgi cikin hadari shekara arba'in,
amma yatsa biyu ke kwance shi da asuba.

Ya ce, "Nawa, amfaninsa ya saku."
Ta ce, "Nawa, Baba, in ya saku a jijiya,
mutum ya tafi."

Tsohon ya karɓi zaren, siriri kamar gashi,
ya gwada sau uku.
Yatsun sun yi kauri.