Sawakin, Bayan Baƙi Sun Watse

Shekara talatin ina sauke mutane a bakin ruwan nan,
masu jaka, masu buta, masu kukan bankwana.
In sauke, in juya kan mota, in koma Gadarif.
Ban taɓa cire takalmina ba.

Bana na ce wa Tasalla, ɗaura kayanki,
mu je lokacin da babu mai zuwa.
Ta ce, a zafin nan?
Na ce, a zafin ne ɗaki ke araha.

Mun iske garin kamar kasuwa ranar da ba ta ci.
Mai masauki na barci a gadon igiya,
makullai goma sha biyu rataye bisa kansa.
Ya buɗe ido ɗaya ya ce, zaɓi wanda ka so.
Na ɗauki mai tagar da ke kallon teku.
Fankar ɗakin ba ta korar zafi,
motsa shi kawai take yi, kamar mai dama kunu.

Rumfunan masu suyar kifi duk a rufe,
an kife kujeru, ƙafafunsu na nuna sama.
Sai guda ɗaya, ta wani dattijo Ohaj.
Ya soya mana kifi biyu, ya zauna ya ci na uku,
ya zuba gahawa mai citta daga ɗan tulun yumɓu,
bai yi zancen kuɗi ba sai da muka tuna masa.

A tsibiri, kyanwoyi sun gaje tsoffin gidaje.
Bango ya zube, ƙofa na tsaye,
tana jiran sallamar da ba za a yi ba.
Tasalla ta yi sallamar.
Na yi dariya, sannan na daina.

Da la'asar waya ta yi ƙara:
Sha'aibu ne, autanmu, daga Ingila.
Shi ma bakin teku yake, ruwa launin toka,
lilon yara an ɗaure da sarƙa,
shagon alewa an ja masa ƙofar ƙarfe,
ga shi nan shi kaɗai, ya duƙunƙune cikin rigar sanyi
kamar ɗan tsako a hannun yaro.
Ya rubuto: Baba, nan ma babu kowa.
Su sanyi ya kore su, mu zafi.
Tasalla ta daɗe tana kallon hoton,
ta ce, araha ya bi, halin ubansa ne,
sannan ta goge gilashin da bakin mayafi
ko da yake babu ƙura a kai.

Bayan sallar asuba na sauka bakin ruwa.
Na cire na dama, na cire na hagu,
na jera su yadda ake jerawa a ƙofar masallaci.
Ruwan da ɗumi, kamar shayin da aka manta.
Wasu 'yan kifaye suka zo duba yatsuna,
ba su sami abin kirki ba, suka wuce.

Can jirgin Jidda ya yi kuka, ya fita,
mutanen cikinsa ba su cika motata ta dā ba.
Na ɗaga musu hannu.
Wani ya ɗaga mini, ko kuwa hularsa yake gyarawa.

Tasalla daga baya ta ce, matsa mini.
Ta tattare zaninta zuwa gwiwa.