Gwajin Duhu

A Hsinchu iska ba ta hutu.
Takan bi ta kan rufin da uwar Liao Pei-shan
ke shanya taliyar shinkafa, sili-sili,
ta gangaro har ƙofar masana'anta,
nan ne ake ce mata: iyakarki ke nan.

Pei-shan ta shige cikin farar riga har gira,
safar hannu biyu, wata kan wata,
don gashin ido ɗaya in ya faɗi
gungume ne a kan abin da take aunawa.

Ido ne. Ɗigo a ƙarshen wata siririyar hanya,
a jera dubunsa, bai cika faɗin ƙwayar shinkafa ba.
Wayar tagulla ta gaji da kai saƙo
daga wannan ƙwaƙwalwar kwamfuta zuwa waccan,
tana zafi, tana shan wuta kamar ba gobe,
shi ya sa aka aiki haske.
Amma ɗan aike, komai saurinsa,
sai da mai amsa sallama.

Ƙarfe biyun dare ta rufe akwatin.
Gwajin da ke ci mata tuwo a ƙwarya ke nan:
a hana idon ko da ƙyalli,
a ji me zai ce.
Wata bakwai yana ƙarya.
Duhu ƙirin, allura na rawa,
yana rantsuwa ya ga wani abu.

Haka mahaifinta,
tun da yana ta rufe masa ido biyu.
Yakan zauna bakin taga, ya ce,
ga fitilun jiragen kamun kifi can sun fito daga Nanliao.
Tagar bangon maƙwabci take kallo.

Wajen ƙarfe uku ƙasa ta ɗan yi miƙa,
kujeru suka gyara zama,
zaren gilashi ya goce daga saiti.
Tsoho Hsiao ya yi tsaki cikin takunkumi.
Minti arba'in tana murɗa ƙusa,
ba ta cika numfashi.

Faranti na sha tara.
Ta rufe. Ta jira.
Allura ta kwanta, ba ta ce uffan ba.
Ta buɗe wa haske ƙofa,
idon ya amsa, ya amsa, ya amsa,
fiye da yadda lissafin baki zai iya bi.
Hsiao ya ce a sake. Aka sake sau shida.
Ta rubuta lamba a takardar da ba ta zubar da ƙura,
hannunta na ɓari cikin safa.

Da safe ta hau babur, iska na ture ta gefe.
Taliya ta bushe a kan rufi.
Yana nan bakin taga da shayinsa, ya huce.
Ya ce, daren jiya sun yi yawa, kin gan su?

Ta cire hular kwano, ta rataye.
Ta ce, na gani, Baba.