Tsagar da Ba Ta Ƙara

A Rzeszów, ƙarfe uku na dare,
ƙanƙara ta toshe bakin titi.
Bogumiła ta tuɓe safar hannu,
ta ɗora fiffiken injin jirgi a tafinta.
Bai fi tsawon cokali ba.
Shekara tara yana juyi cikin wuta
bai ce uffan ba,
bakinsa kaɗai ya cinye, kamar na tsohuwar wuƙa.

Aikin ke nan: a mayar masa da abin da ya rasa.
Hasken leza, siriri kamar zaren ɗinki,
garin nikel yana zuba a kansa,
iskar argon na gadi kada tsatsa ta leƙo.
Layi bisa layi,
ɗigon narkakken ƙarfe na tafiya kamar ƙwayar gero mai wuta,
a bayansa sanyi na bin sawu.

Ana cewa da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.
Wannan ba duka ke karya shi ba,
hucewa ce.
Sabo na son tsukewa, tsoho ya ƙi matsawa,
a tsakaninsu, kan iyakar ƙwaya da ƙwaya,
akwai ɗan ruwan da bai gama daskarewa ba.
Nan ake ja. Nan yake rabuwa.
Ba amo, ba hayaƙi.

Zbyszek, yaron da ke koyon aiki,
ya ɗaga shi ga fitila ya ce, "Sumul!"
Ta ce, "Ido maƙaryaci ne. Kashe wutar."
Suka tsoma shi a ruwan gwaji, suka wanke, suka jira.
Ƙarƙashin shuɗiyar fitila
sai ga kore ya fito, siririn gashi guda,
ya bi gefen waldar ya yi kwana.
Ruwan bai san ƙarya ba:
inda bango ya tsage, nan ƙadangare ke shiga.

Yaron ya zagi na'ura. Ta ce, "Bar ta.
Alminiyam da titaniyam da aka zuba masa
don ya jure abin da ba mai jurewa,
su ne suka sa ba ya karɓar gyara.
Ƙarfinsa ne taurin kansa."
Ta faɗa, sai ta yi shiru,
don ta tuna Ireneusz, ƙaninta,
wanda ya dawo daga teku bayan shekara goma sha ɗaya,
ta tare shi da miyar gwoza da tambaya ɗari
duk a dare guda.
Da safe gadon a gyare yake. Jakar ba ta nan.

Wani fiffiken ma yakan wuce gwajin lafiya lau,
sai an kai shi tanderu don a sassauta masa,
can cikin jinyar zai tsage.
Ta ga haka sau bakwai. Tana ƙirgawa.

Ta goge tsagar da dutsen niƙa har gindi,
ta ce, "Ɗumama shi tukun, duk jikinsa,
kada sabo ya tarar da tsoho a sandare.
Rage wutar. Rage gudu.
In an gama, kada ka buɗe ƙofa."
Zbyszek ya dubi agogo: motar farko ta kusa.
Ta ce, "Mutum ɗari da tamanin za su zauna bisa wannan,
wata tana bare lemo, wani yana barci da baki buɗe,
ba wanda zai san sunanka.
Haka ake so."

Allurar zafi na sauka, sannu, sannu.
Waje, kogin Wisłok ya daskare daga gefe,
tsakiyarsa tana tafiya.
Ta ciro waya, ta nemo lambar Gdynia,
ta rubuta kalma biyu, ta share ɗaya,
ta ajiye ta kusa da tanderu
ta huce tukun.