Asabar ɗin Ƙarshen Hutu

Ruwa ya ɗauke da hantsi,
Ummita ta ce, "Alkawarin Dala fa?"
Mu shida a adaidaita ɗaya.

Matakala da santsi.
Inna Ladiyo ta zauna a tsakiya:
gwiwa ta ƙi.
Muka bar mata kular dambu.

Daga sama, Kano ta yi wanka,
kwanon rufi na ƙyalli,
kududdufai sun cika maƙil.
Can wajen Gwammaja 'yan unguwa
na buga wasan ƙarshe cikin taɓo,
ihunsu na iso mu a makare.

Nafi'u ya nemi rufin gidanmu,
ya nuna na wasu, ya rantse.

Da muka sauko, dambu saura rabi.
Inna na goge baki,
wai ita ma ta ga gari.