Palanto

Ni ne Ɗan Tani, palanton jami'a.
Bokona aji huɗu ne, a Bagalam,
amma ɗaga mini takarda ta baya, ka saita rana,
in gaya maka wa ya buga mata hatimi.

Na shugaban sashe tawadarsa ta tsufa,
sai ya hura masa numfashi yake kamawa.
Na dwayan zagaye ne kamar bakin ludayi.
Na rektar ba a ganinsa kafin la'asar,
yana cikin aljihun tebur,
makulli yana jakar sakatariya,
sakatariya ta tafi suna Tibiri.

Sama da rektar akwai Yamai.
Ban taɓa taka benen ba,
amma direban da ke kai buhun dosiye ya ce
minista ma yana da ƙofar da yake tsayawa,
ta mai rabon kuɗin shekara.
Na ce to, gaba da gabanta.

Tsanin matakai uku gare shi:
lisans, mastar, doktora.
Uku, biyu, uku, haka allon bakin ƙofa ya ce.
Allo ba ya ƙarya, allo dai ba ya yajin aiki.
Na ga shekarar da ta kwana cikin ta bayanta,
kaka biyu a rumbu ɗaya,
ƴan farko da ƴan biyu suna rabon benci,
wasu suna karatu ta taga.
Malamai suka ajiye alli:
rektar zaɓarsa za a yi ko naɗo shi?
Ɗalibai suka rufe titi da duwatsu:
bursin wata shida ina ta maƙale?
Ni kuwa ina tsakiya da kekena,
ina kai wasiƙar wannan wurin wancan.

Barira, ƴar Dakoro,
ta zo da akwatin ƙarfe da robar tugaji.
Ubanta ya sayar da sa ɗaya cikin biyun huɗa.
Ilimin ƙasa ta karanta,
tana murza turɓaya a yatsa kamar mai ɗanɗana miya.
Ukunta ta zama biyar, ba ta faɗi ko sau ɗaya ba.
Ranar karɓar shaida aka ce tsaya:
takardar haihuwa ta ce Barira,
takardar bak ta ce Baria.
Harafi ɗaya ya ɓata a hanyar Yamai,
ko a Madawa, ko a Ƙonni, ko wurin shan shayin Doso.

Daga sashe zuwa dwayan taku arba'in ne.
Dosiyenta ya yi su cikin mako uku,
a hammatata, ni shaida ne.
Sa hannu bakwai, tambur na jaka guda,
kotu ta rantse cewa ita ce ita.
Gulbi ya kawo ruwa, ya janye,
aka dasa tumatir a inda ya kwanta,
aka ci, harafin bai dawo ba.
Kullum ta zo, inuwar dogon yaro,
ba ta tambayata, kallon hammatata take.

Ya dawo wata Talata,
ƙasan buhu, da ɗigon manja a kusurwa.

Bana sai ga ta da farin gilashi,
an ɗauke ta koyarwa, kwantiragin wata tara.
Ta tsaya a baranda tana juya wata takarda.
Baba, ta ce, wannan wa ke fara sa mata hannu?
Na karɓa, na ɗaga ta a rana.
Babu hatimi ko ɗaya tukuna.
Na ce ke ce, malama.
Ta lalubi jakarta, babu biro.
Na ciro nawa daga bayan kunne,
wanda ban taɓa rubuta komai da shi ba.