Hanyar Cikin Ƙanƙara

Ina sayar da ƙanƙara a bakin 'Yankura.
Azumi ya faɗo bana a tsakiyar bazara,
wuta ta ɗauke tun jiya, inji ya yi gum,
na lulluɓe hajata da buhu da garin katako,
duk da haka jarina na ɗiga, yana bin kwata.

Sai ga Malam Sallau da kwanon silba,
shi da ya koya mana labarin ƙasa a Gwale.
Sandarsa ta riga shi isowa.
Ya ce, "Tanimu, sare min ta ɗari biyu."
Na ɗaga adda, ya riƙe min hannu,
ya tsura wa farin dutsen ido
kamar ya hango wani a ciki.

"Ka tuna ƙwallon duniya ta kan teburina,
mai farin kai kamar tsohuwa ta cire kallabi?
Can wasu suka nufa neman yanke,
fatake ne irinmu, sai dai jakinsu jirgi.
Kasuwa na gabas, su suna yamma,
suka ce zagaye ya yi yawa, bari mu bi ta sama.

"Teku ta bar su suka shiga, sannan ta rufe baki.
Jirgi ya tsaya cak, ƙuda a daskararren kitse.
Katako na kuka da dare, ƙusa na ficewa.
Rana ta faɗi, aka yi wata ba ta dawo ba,
aka yi biyu, aka yi uku.
Ka gaya min, ɗana,
in azumi ya riske ka can, yaushe za ka sha ruwa?

"Da abinci ya ƙare suka sauko a ƙafa,
suna jan kwalekwale a kan ruwan da ya zama dutse.
Masu ƙasar, masu rigar fata, sun ga wucewarsu,
sun faɗa, ba a ɗauki zancensu ba.
Aka tura masu nema, aka koma neman masu nema.
Me aka tsinta? Cokali. Maɓalli.
Takalmi ƙafa ɗaya.
Takarda a ƙarƙashin tulin duwatsu
tana cewa lafiya lau muke."

Wani mai kura ya yi mana tsawa, muka matsa.
Malam ya share gumi da bakin rawani.

"Kakana Barau ma haka ya fita ta Kabuga,
jakuna arba'in, zai yanke zuwa ƙasar goro
ta dajin da ba madugun da ya taɓa bi.
Bayan damina biyu jaki ɗaya ya dawo
da mangala wayam.
Kakata ta shekara goma sha ɗaya
tana rufe masa tuwo da faifai.
Shi ya sa in na zo kan farin nan a aji
muryata take rawa, ku kuna dariya."

Na tuna. Ni ne ma na fi kowa.

"Yanzu rediyo na cewa tana narkewa da kanta,
manyan jirage na ratsa inda mutanen suka kwanta.
Su sun roƙi Allah ta saki,
kai kana roƙon ta riƙe zuwa magariba.
Addu'a biyu, ƙanƙara ɗaya."

Na sara masa ta ɗari biyar, ban ce komai ba,
shi ma ya yi kamar bai gani ba.
Ya tsallaka titi tsakanin adaidaita,
kwano na zuba ta gefe,
ɗigo, ɗigo, layi guda har bakin masallaci,
irin wanda yake ja mana da alli a kan allo.
Kafin in sake ɗaure buhu na duba,
kwalta ta shanye hanyar.